Fatawar da Na Janye a kan Zanzaron Yashi

A shekarun da gwamnati ke kwaso ofisoshinta daga Legas zuwa Abuja, ni nake limanci a wani ƙaramin masallaci kusa da kasuwar shanu ta Dei-Dei. Rumfar kwano ce, babu siminti. Wani direban tifa ya juye mana yashi sadaka, muka baje shi ciki da haraba, kuma idan sahu ya yi yawa a harabar ake shimfiɗa tabarmi.

Bayan ɗaukewar damina sai harabar ta cika da ƙananan ramuka, wasu ƙwari masu kama da zanzaro suna shawagi a kansu tun hantsi har la'asar. Cikin masu bin mu salla akwai wani ma'aikacin gwamnatin tarayya da aka dawo da shi daga Legas, mutumin kirki, ba ya wasa da jam'i. Wata Talata bayan azahar ya ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta a kashe waɗannan? Mutane suna sujada a tsorace."

Ko sunkuyawa ban yi na duba ba. Na ce abin da ke cutarwa an yarda a kawar da shi, waɗannan kuwa dangin rina ne, hukuncinsu ɗaya. Ya ce ranar Asabar zai zo da maganin feshi. Jama'a suka ce madalla.

Akwai wani dattijo manomi daga Jiwa, Kirista ne, yana kasa doya a inuwar mangwaro daura da masallacin. Mun saba gaisawa. Washegari ya tare ni yana murmushi.

"Baba Liman, an ce ka yanke wa baƙinka hukuncin kisa. Ka ji ta bakinsu kuwa?"

Na ce, "Maƙwabci, yau kuma ƙwaro za ka tsaya wa lauya?"

"Ba lauya ba, shaida. Tun da suka zo, wa suka harba? Faɗa mini mutum ɗaya."

Na laluba, ban samu ba. Ya ce in zauna in ga aikinsu. Muka tsuguna a gefen yashin, ni da rawanina, masu wucewa suna kallonmu.

Abin da nake ɗauka iri ɗaya ne, ashe ba haka ba. Ya nuna mini mai kauri, mai ratsin ɗorawa, wadda ke watsa yashi ta ƙarƙashin cikinta da ƙafafun gaba. Ita ƙuda take kamowa, har da mai cizon shanu. Ya nuna wata doguwa, siririyar ƙugu, ja da baƙi, tana jan tsutsar ganye da ta fi ta nauyi, ta shigar da ita rami, ta ɗauko tsakuwa ta toshe. Akwai baƙa mai kamo fara. Akwai kuma wata ƙarama da ba ta haƙa, sai ta jira mai rami ta fita ta faɗa ciki. Shi ba ya rarrabe su da suna, da abin da suke ɗaukowa yake rarrabe su, da yadda suke rufe ƙofa. Ya ce rina gida ɗaya suke tarayya, shi ya sa suke faɗa a kansa. Waɗannan kowace da raminta, ba ta da rundunar da za ta kira.

Kwana biyu ina komawa ni kaɗai. Abin da ya dame ni ba ƙwarin ba ne kawai. Na yi shekara da shekaru ina karantar da cewa ba a yin ƙiyasi da kamannin sura, sai an tabbatar da dalilin hukunci a cikin abin da ake tambaya. Dalilin nan cutarwa ce, ni kuwa ban tabbatar da ita ba. Na ga siririn ƙugu na yi fatawa. Zuciya ta yi ta raya mini cewa in yi shiru, ai ƙwari ne, wa zai tuhume ni? Amma za a kashe su ne da maganata, kuma ni za a tambaya.

Ranar Asabar ma'aikacin ya zo da gwangwanin feshinsa. Bayan azahar na miƙe na ce, "Jama'a, na yi muku fatawa ba da bincike ba, na kuwa janye ta." Na bayyana abin da na gani, na faɗi wanda ya nuna mini. Wani ya yi gunaguni a sahun baya cewa yau liman a wajen mai doya yake ɗaukar karatu. Na ce ƙwarai, a wannan babi ya fi ni sani. Wani dillalin shanu ya ce shi ma ya sha ganin ƙwarin suna bin bayan garke suna cafke ƙuda.

Ma'aikacin ya ce, "To Malam, idan suka harbi wani fa?"

Na ce, "Ranar sai a sake tambayata, in sake dubawa."

Muka mayar da tabarmi ɓangaren inuwa, muka bar wa ƙwarin gefen da rana ke duka. Mutum biyu sun daina kawo mini tambaya tun daga ranar. Ban ga laifinsu ba, kuma ban bi su ba.