Mai Bindigogin Roba

A Mubi, inda ake shiga motar Maiha, na ga wani dattijo siriri yana zaune gaban buhu a shimfiɗe. Bindigogin roba ne jere a kai, rana ta koɗar da launinsu. Yana goge su da bakin rigarsa.

Wata mata ta tsaya ta duba.

"Baba, babu mota ko 'yar tsana? Mun ji ƙarar bindiga ta gaske a garin nan, ba zan kai wa yarana ta wasa ba."

"Da na sani, 'yata, da motoci na saro."

Ina jin duk jarinsa ya zuba a nan saboda Kirsimeti. Wataƙila shi ma ya taɓa gudu daga ƙarar nan, domin bai ko yi ƙoƙarin rage mata farashi ba.