Neman Baba a Cikin Kamera

Shekarar da mantuwa ta kama mahaifina na ɗauko shi daga Gaya, na kawo shi gidana a Malanville. Albasa nake sayarwa a bakin kasuwa, kuma tunda babu mai zama da shi a gida, tare muke fita. Shi yana bisa benci a bayana yana jan carbi, ni ina ciniki.

Wata Asabar, kasuwa ta cika maƙil, na duƙa ina auna wa wata mata albasa. Da na waiwaya, benci babu kowa.

Na bar kayana nan, na bi layin masu hatsi, na ɓulla wurin masu kifi, ina tambaya da Hausa da Dendi. Kowa ya ga tsoho mai farar riga, ba wanda ya san inda ya nufa. Jandarma sunka rubuta kamanninshi, sunka ce in je in jira. Ni kuwa kogi ne a raina, don kullum Baba cewa yake zai koma gida, gidan kuma yana ƙetaren ruwa.

Wata maƙwabciyata a kasuwa ta nuna mini babban shagon shinkafa da ke tsallaken hanya, ta ce akwai kamerori a jikin bangonshi. Na ruga wurin mai kula da shagon.

"Hajiya, suna ɗauka, amma mu ba mu iya buɗewa," in ji shi. "Lambar sirrin tana hannun maigida, shi kuma yana Kamba."

Munka yi ta kira, waya ba ta shiga. Sai bayan la'asar ya ɗauka. Ya ce daga can yana kallon shagonshi a salula ta hanyar rezo, wato intanet, amma bai san yadda ake komawa abin da ya wuce ba, sai wanda ya haɗa kayan, shi kuma yana aiki a garin Guéné, sai gobe. Na roƙe shi har muryata ta dishe. Ba shi da abin yi mini. Na koma bakin kogi ina bin masu kwalekwale ɗaya bayan ɗaya har rana ta faɗi.

Da safe mai haɗin ya zo bisa moto, wato babur. Ya kai ni wani ɗan ɗaki inda baƙin akwati ke aje ƙarƙashin allo. Yana dannawa yana yi mini bayani: kowace kamera tana aika hotonta ta igiya zuwa akwatin nan, akwatin yana ajewa, in cikinshi ya cika sai sabo ya shafe tsoho.

"Na jiya yana nan?" na tambaye shi.

"Yana nan, Hajiya. Matsalar, da wutar lantarki ta ɗauke agogon akwatin ya rikice. Sai dai mu kalla duka."

Kamerar da ke fuskantar rumfata ta daɗe da mutuwa, ɓera ya cinye igiyarta. Saura guda mai kallon hanya. Na ƙi zama. Mutane na ta wucewa a allon, 'yan ƙanana kamar tururuwa, duk farar riga sai in matso kusa da allon. Idanuna sunka yi ta ruwa, ina sharewa da sauri kar wani ya wuce ban gani ba.

Can na ga wani yana jan ƙafar hagu. Na ce a tsaya, a matso da shi. Da anka ƙara girman hoton, fuskar ta farfashe ta zama dabbare-dabbare. Mai haɗin ya ce ana matse hoton ne don ya samu wucewa ta igiya, abin da anka zubar kuma ba ya dawowa. Ban buƙaci fuska ba, na san tafiyar ubana.

Munka ga ya tsai da ɗan kabu-kabu ya hau. Na riƙe bakin teburi ina jiran su juya wajen gadar da ake ƙetarawa zuwa Gaya. Sai sunka miƙe hanyar ƙauyen Madécali. Na zauna a ƙasa.

Mai haɗin ya tura mini guntun hoton a wayata, na kai tashar 'yan kabu-kabu. Wani ya gane moton saboda shuɗiyar jarkar da ke ɗaure a baya, anka kira mai shi.

"Ya ce in kai shi gida, yana nuna mini gaba da hannu," in ji mutumin. "Da munka kai gonakin shinkafa ya ce nan ne. Na ɗauka ya san wurin."

Shi ya kai ni. Munka iske Baba a zauren wasu manoma, sun tsince shi a bakin fadama, sun ba shi fura. Ƙafafunshi sun kumbura, rigar duk laka. Na durƙusa gabanshi. Ya dube ni da kyau.

"Baiwar Allah, ke ɗiyar wane gida ce?"

"Naka, Baba."

Ya gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa baƙo. Munka sa shi tsakiya bisa moto, na rungume shi ta baya har gida. Daga ranar na bar wa maƙwabciyata rumfar, na zauna da shi, har Allah ya karɓi abinshi da damina.