Tantabarun Baba da Numfashin Auta

Shekarun baya, farkon da sojoji suka koma bariki aka ce farar hula sun dawo, ni ma aka ɗora mini wani muƙami da ban yi kamfen ɗinsa ba. Ina zaman zamana a Legas ina kwandastan motar haya ta danfo daga Agege zuwa Oshodi, na ajiye boko tun ba a je ko'ina ba don ni da lissafi ba ma shan inuwa ɗaya, kawai sai aka mayar da ni ministan tantabaru na gidanmu. Ba albashi, ba motar ofis, sai kashin tsuntsu a ka.

Abin da ya jawo shi ne autarmu. Yarinyar tana da asma, wadda tsofaffi ke ce wa fuka. In abin ya taso sai ka ji ƙirjinta yana fito kamar usur ɗin yaran tasha. Ni da nake kiran Oshodi a ji ni a tsallaken titi, in na ji wannan ƙaramar ƙarar sai bakina ya mutu.

Magani kuwa ba wanda ba a kawo ba. Zuma da habbatus sauda, shayin citta, tafarnuwa har sai da kowa a gidan ya koma warinta. Iya maƙwabciyarmu ta kawo agbo, jiƙon Yarbawa mai ɗacin da ko ƙuda ba ya sauka a kai. Mahaifiyata tana karɓa da godiya, wanda ta yarda da shi ta ba yarinyar, sannan ta zuba ido. Amma inhelar asibiti, wadda ake fesawa a baki, kullum tana ƙulle a haɓar zaninta. In an ce ta ajiye maganin Turawa sai ta ce, "Zuma ta yi nata aikin, wannan kuma motar kashe gobara ce. Ba a sayar da ita don an sayi bokiti."

Shi kuma mahaifina, mahauci ne a kwata, yana da nasa maganin. A wajensu, gidan da ke da tantabaru in an yi masa jifa, wato asiri, a kan tsuntsun abin yake sauka, mutane su tsira. Da ciwon auta ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai Baba ya ce ba banza ba. Ya sa na kafa garewani, wato gidajen tantabaru, a bango, daidai tagar ɗakin da take kwana, don kariyar ta fi kusa. Ya aike ni kasuwar Oyingbo na sayo ƙari a kan 'yan waɗanda muke da su. Kuma ban da zancen jifa, mutumin nan yana son tsuntsayensa. Da yamma ya dawo ya zauna a benci yana watsa musu gero yana musu hira, hirar da ni ban taɓa samun rabinta ba.

Da aka yi hutun makaranta, aka kai auta wajen gwaggonmu a Ebute Metta. Na je gaishe su na tarar da ita tana tsallen igiya, ko tari babu. Ranar da na dawo da ita gida, kafin la'asar usur ya dawo. Umma ta tsaya a bakin taga, ta shafa ragar sauro, ta kalli tafin hannunta. Gashin tsuntsu ne da wata farar ƙura. Ni dai na ga ta ciji leɓe.

To yaya za ta gaya wa mutum cewa abin da ya kafa don ya kare 'yarsa shi ke shaƙe ta? Sai ta bi ta bayan gida.

"Malam, an ce farfesun tantabara yana ƙara jini. Ka ga yarinyar nan duk ta yi fari."

"A kama mata biyu," in ji Baba, ko numfashi bai ja ba.

Wa zai kama? Ni. Wa zai je can bakin layin dogo ya fige don kada gashi ya shigo gida? Ni. Auta ta sha romo, ni na taya ta da cinya, tunda minista ai ba ya aiki da yunwa. Umma ta ce a ƙara biyu, aka ƙara. Garewani suka fara zama kango.

Sai Baba ya kira ni gefe. "Kai, tsuntsayen nan sun yi ƙaranci. Gobe ka biya Oyingbo."

Na ce, "Baba, ogana fa zai ba wani ƙofata a danfo."

"Ogan ne ya haife ka?"

Haka na zama ni ne mai shigo da kaya, ni ne mai fitarwa. Umma ta yanka, Baba ya cike gurbi. Mai sayar da tsuntsayen har tambayata ya yi ko gidan abinci muka buɗe. Na ce wa Umma, "Wallahi ku sasanta, ƙafata ta kusa ƙarewa." Ta ce, "Ƙafarka ce ta dame ka? Kama mini waccan mai toka-toka."

Wasan ya ƙare ne wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Auta tana sharar tsakar gida, ta bi ƙarƙashin garewanin da tsintsiya, ƙura ta tashi. Sai gani na yi ta dafa bango, kafaɗunta suna hawa suna sauka, leɓenta ya sauya kala. Umma ta fesa mata inhela, abin ya ɗan lafa amma bai sake ta ba. Na tare okada, na rungume ta a tsakiya, na ce wa mai mashin ɗin in ya taka birki ban yafe ba. A asibiti aka sa mata abin numfashi a fuska, a hankali ƙirjin ya buɗe.

Da Umma da Baba suka biyo mu, a barandar asibitin Umma ta daina bin bayan gida. Ta durƙusa gaban Baba da idonta jawur.

"Malam, ka yafe ni. Farfesun nan ba don jini ba ne, so nake su ƙare. A gidan yayarka tsalle take yi, a nan ko shara ba ta iyawa. Tsuntsayenka ne."

Na ja da baya, don na san muryar Baba in ta tashi. Sai kawai ya shiga ya tambayi likitar da bakinsa, ta ce ƙwarai, ƙurar gashin tsuntsu da kashinsa suna tayar wa wasu masu asma ciwo. Ya fito ya ce mini, "Mu je gida."

Da hannunsa ya ɓamɓare garewanin. Ya zuba tsuntsayen a kwando, ya ce in kai wa wani ɗan garinmu a Mile 12. Farar da ya fi so ya riƙe ta ya daɗe yana shafa wuyanta kafin ya sa ta. Ranar ban yi tsokana ba. Umma kuwa ta wanke bango, ta shanya katifa, ta daina shara sai ta yayyafa ruwa, har turaren wutanta ta haƙura da shi. Asmar ba ta tafi ba, har yau auta tana yawo da inhela a jaka kuma tana shan zumarta, amma ba mu ƙara yin gudu irin na ranar ba.

Yanzu da nake da nawa yaran, in na tuna sai in rasa wa ya fi burge ni. Matar da ta tsaya ta duba tafin hannunta lokacin da kowa ke kallon sama, ko mutumin da aka ce masa ya yi kuskure a gaban ɗansa, ya je ya ɗauko guduma.

A wancan lokacin, da labari ya kai kwata, wani tsohon abokin Baba ya zo har gida. Ya kalli bango wayam, ya girgiza kai.

"Haba Malam, ka biye wa mace ka bar gida a buɗe? Yanzu in aka yi jifa, wa zai tare muku?"

Baba ya kurɓi shayinsa ya ajiye kofi.

"Alhaji, tantabarun da yaron nan ya cinye rabinsu da yaji, su wa ya tare musu?"