Hannu Biyu a Bango

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, ina gaban allo ina koya wa ɗalibai tarihi, sai shugabar makarantarmu ta leƙo ta taga ta yafito ni. Tun kafin in kai bakin ƙofa na ga labarin a fuskarta. Tarwaɗa ya rasu a asibiti. Zuciyar da ta daɗe tana yi masa gargaɗi ta tsaya. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Haka na faɗa, na zauna a benci.

Yaya Tarwaɗa, ka tafi da wata magana tana bin bayanka. Na ji ta a layin shiga mota, na ji ta a ɗakin malamai, na ji ta har a ƙofar gidanka ana raɗa ta ƙasa-ƙasa: wai an saye ka. Kai ka ƙi tanka ta da ranka. Ni ina wurin da abin ya faru, kuma iyalinka sun ba ni izini, don haka zan faɗi abin da na sani.

Masu karanta jarida sun san ka da shafin siyasa na ranar Asabar, wanda ka yi shekaru kana sa wa hannu da wannan laƙabi. Suna cewa ya dace da kai saboda santsi, ba a kama ka a magana, da kuma ƙaya, wanda ya damƙe ka ba shiri sai ya ji a tafin hannunsa. Mu kuwa, ni da yaran ƙungiyar ninkaya da nake jagoranta, mun san asalin sunan: gashin bakin nan naka ne idan ya jiƙe ya kwanta gefe-gefe. Mun san ka da tawul a wuya, da tsohon gilashin ruwa mai ɗaurin roba, da warin maganin tafkin ninkaya da ba ya barin rigarka ko a ofis.

Ba wanka kake zuwa yi ba, tsere kake so. Duk shekara sai ka shiga gasar dattawa, duk shekara wani likitan haƙori da ya yi ritaya sai ya riga ka taɓa bango, kai kuma sai ka fito kana haki kana cewa, "Likita, baɗi za ka ga aiki." Na taɓa tambayar ka abin da ya haɗa mai alƙalami da ruwa. Ka ce, "Malama, a nan ne kaɗai duk wanda ya buɗe baki zai yi jawabi, sai ya sha." Ka ce a siyasa kowa na iya cewa shi ya zo na ɗaya, amma a tafki akwai bango, kuma bango bai san ɗan kowa ba.

Yaranmu kuwa ka mai da su naka. Yaron da ke tsoron sa fuska a ruwa, kai ne za ka shiga ka tsaya gabansa, ruwa iya ƙirji, kuna busa kumfa tare kamar ba kai ne manya ke fargabar shafinka ba. Wanda ya zo na ƙarshe, shi kake fara miƙa wa tawul. Da likitoci suka hana ka tsere saboda zuciya, ba ka bar mu ba. Ka je ka yi kwas, ka zama alƙalin bango, wato wanda ke tsayawa a ƙarshen layi ya sunkuya ya duba yadda mai iyo ya taɓa bango kafin ya juya.

A iyon kwaɗo, wanda ake ware hannuwa da ƙafafu tare, doka ɗaya ce ba ta da sassauci: dole a taɓa bango da hannu biyu lokaci guda. Wanda ya taɓa da ɗaya, ko ya riga kowa, an soke shi. Wannan doka ka ɗauka ka kai shafinka. Gadar da aka buɗe ba a gama ba, ka ce an taɓa bango da hannu ɗaya. Asibitin da aka yanke wa kirtanin buɗewa famfunansa a bushe, hannu ɗaya. Maganar ta kama gari, har mai gyaran mota ya daina tsira daga gare ta. Wanda ya fi shan ta shi ne shugaban hukumar birni. Ya kai ka kotu. Ya sa an tsare ka, ka fito idon sawunka a kumbure, ka wuce tafki kafin ka wuce gida.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, 'yar wannan Shugaba tana cikin ƙungiyata. Yara suna kiranta Gimbiya don zolaya, ita kuwa yarinya ce marar yawan magana, mai zuwa da wuri ta tafi a ƙarshe. 'Yarka Auta ma tana ciki. Su biyun ne gwanayen iyon kwaɗo, kuma a gasar da aka yi farkon watan Mayu gurbi ɗaya tak aka ware wa yankinmu a tawagar matasa ta ƙasa. Ga Auta, wannan ce shekarar ƙarshe. Baɗi shekarunta sun wuce. Ta yi wa ranar nan tanadin ƙuruciyarta gaba ɗaya.

Da aka raba wa alƙalai layi, sai naka ya faɗo kan na Auta. Nan take ka je wurin babban alƙali ka ce a sauya maka, uba ba ya duba hannun 'yarsa. Aka matsar da kai layi na gaba. Layin Gimbiya ke nan.

Rumfar 'yan kallo ta cika maƙil. Shugaba yana kujerar gaba da mutanensa, sauran jama'a kuwa, rabinsu masu karanta ka ne, suna ta harararsa. Usur ya tashi, suka faɗa ruwa. Tun daga farko su biyun suka bar saura, kai da kai, ba mai cewa ga ta gaba. A juyi na ƙarshe suka iso bangon da kake tsaye kusan tare. Ruwa ya fantsama, suka juya. Gimbiya ta fito da ɗan rinjaye, kuma da shi ta ƙarasa. Auta ta zo ta biyu, tazarar ba ta kai tsawon hannu ba.

Ba a gama tafi ba wani ya miƙe daga bayan rumfa ya kwarara ihu: "Hannu ɗaya!" Wani ya karɓa. Kafin ka ce me, rumfar duka ta ɗauka, ana buga benci, ana nuna Shugaba da yatsa. Maganarka ce, Yaya, suke jifan yarinya da ita. Gimbiya tana riƙe da igiyar layi, ta cire gilashinta, tana duban mutane kamar ba ta jin yaren da suke yi. Auta tana layin kusa da ita, ba ta dubi kowa ba sai kai.

Babban alƙali ya riƙe sakamako. Daga gefen da yake tsaye ya ga kamar kafaɗar Gimbiya ɗaya ta yi ƙasa, amma hukunci na mai layi ne. Ya tako har inda kake. Ina tsaye bayanku da tawul ɗin yara a hannu, na ji komai.

"Tarwaɗa, me ka gani?" in ji shi. "Idan kana shakka ma, faɗa mini. Ni zan ɗauki nauyin sauran."

Ba a bukatar ka yi ƙarya. Ɗaga kafaɗa kawai ya isa. Da Auta ta samu gurbinta, da mutumin da ya tsare ka ya fita da kunya a gaban gari, da an ɗauke ka a kafaɗa. Na ga gumi yana bin gashin bakinka. Na ga hannunka na hagu ya dafe ƙirji, ka sauke shi da sauri don kada a lura. Rumfa ta yi tsit, har ana jin ruwa yana zuba a magudana.

Ka ce, "Hannu biyu."

"Ka tabbata?"

"A kansu nake tsaye. Biyu ne, kuma tare."

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Waɗanda suka zo suna kiran sunanka su ne suka jefo robar ruwa. Wani ya ce, "Nawa aka ba ka, tsoho?" Shugaba ya taso da fara'a zai ba ka hannu a gaban masu ɗaukar hoto, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, 'yarka za ka gaisar, ita ta yi iyo. Ni da kai sai Asabar." Wannan maganar ba wanda ya naɗe ta. Hoton da ya zaga gari shi ne na lokacin da yake miƙo hannu. Bidiyon da aka ɗauka daga rumfa kuwa ba ya nuna komai sai farin kumfa, kowa ya ga abin da ransa ke so a ciki.

Asabar ta zo ka sake rubutu a kan famfunan asibitin nan, da zafi kamar kullum. Aka ce rufa-rufa ce. Editanka ya roƙe ka ka yi shafi guda ka wanke kanka, ka ce ba za ka sa sunan yara biyu a shafin siyasa ba. Duk wannan bai dame ka kamar shirun Auta ba. Ta daina zuwa tafki. A gida gaisuwa kawai ke haɗa ku, ita ma a taƙaice. Da na ce zan yi mata magana, ka ce, "Bar ta, Malama. Ruwa ne ya shiga mata hanci, zai fita." Ka yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonka ba. Ana cikin haka ka faɗi a matakalar ofis, aka kai ka asibiti, ba ka dawo ba.

Washegarin rasuwarka ina zaune a falonka cikin mata masu gaisuwa. Matarka tana kan tabarma kusa da tagar da kake shanya tawul, Auta a gefenta ta haɗa kai da gwiwa. Sai hayaniyar waje ta yanke. Gimbiya ce a bakin ƙofa, ita kaɗai, ba mota ba mai rakiya, ta cire takalmi ta riƙe a hannu. Ba wanda ya ce mata shigo. Yayarka, wadda yara ke kira Gwaggo, ta miƙe.

"Ke kuma me ya kawo ki? Abin da kuka yi masa bai isa ba?"

"Gwaggo, gaisuwa na zo yi," in ji yarinyar. "Shi ya koya mini juyi."

"Ki kai gaisuwarki gidanku."

Na yunƙura zan tashi, Auta ta riga ni.

"Gwaggo, ki bar ta." Ta juyo ta dubi ɗakin duka, har da mazan da suka leƙo daga baranda. "Ina layin kusa da nata. Idona a buɗe yake a cikin ruwa. Hannu biyu ne. Na gani tun kafin Baba ya faɗa." Ta dubi mahaifiyarta. "So na yi ya zaɓe ni kawai. Ban taɓa gaya masa na gani ba."

Matarka ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ya sani, Auta. A daren ranar ya ce mini, yarinyar nan ta gani, shi ya sa fushin ya yi mata nauyi. Ya ce da ya ce hannu ɗaya, da kin tafi tawagar ƙasa kina sane da cewa ubanki maƙaryaci ne. Ya ce fushinki zai iya jurewa. Wancan ne ba zai iya ba."

Auta ta taka har bakin ƙofa ta miƙa wa Gimbiya hannu. Na duba da kyau, kamar yadda ka koya mini dubawa. Biyu ne, kuma tare.

Wannan ita ce shaidar, ga duk wanda ya raɗa, da wanda ya ji raɗa ya yi shiru. Ku kuma yarana na ƙungiya, da kuka tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a kan Baba Tarwaɗa, ga amsarku. Ranar Asabar akwai atisaye, kuma Auta ta ce za ta zo ta tsaya muku a bango.

Allah, ga bawanka ya iso gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya shi kamar yadda ruwa ke sanyaya wanda ya gaji. Ka sa gaskiyar da ya faɗa a ranar da ta fi yi masa tsada ta tsaya masa a ranar da ba mai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, da Auta da yayyenta, da Gwaggo da sauran dangi, da abokan aikinsa na jarida, da likitan haƙori da ya zauna jiya a bakin tafki bai shiga ba. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da kyau idan tamu ta zo.

Yaya Tarwaɗa, ka kai bango. Allah Ya karɓe ka hannu bibbiyu.