Gezar da Aka Ce Ta Gummi Ce

Shekarata saba'in da huɗu a duniya, kuma yau mako biyu ke nan da wannan tafiya. Mun tashi da asuba daga Anka, ni da ƙanena, da ƙullin ganye a aljihuna.

Ga mafarin al'amarin. Ƙanwarmu ta kwanta da kumburin ƙafa, aka sayo mata ganyen geza wurin wani mai magani a kasuwa, wanda ya rantse daga fadamar Gummi ya tsinko shi. Ganyen dai geza ce. Amma tun ina yaro ban taɓa ganin geza a fadama ba, sai bisa fako da tudun marmara. To, wanda ya ɓoye inda ya tsinki ganye, a shekarun nan da ƙurar dalma daga niƙan dutsen zinari ta cinye yara a Bagega da Sunke, ai ba a sha daga hannunsa. Na hana a dafa.

Hanya ta jijjiga mu, direba kuwa ya ɗora mana buhunan albasa har bisa gwiwa. Da hantsi munka isa Gummi, munka bi bakin gulbi, babu abin da munka gani face shinkafa da masunta. Wata dattijuwa mai tuwon shinkafa da kifi ta dubi ƙullin, ta yi dariya.

"Baba, wa ya ce maka geza na shiga ruwa? Ku hau tudu!"

A hanyar komowa munka ratse Bukkuyum. Wani makiyayi ya nuna mana tudu, amma ban taka ba sai da na tambaye shi sau uku ko ana niƙa dutsen zinari kusa. Ya ce, "Alhaji, nan shanuna ke kwana." Ga geza kuwa cunkus, rassa sirara sun sarƙe, ganye ya yi ja ya fara zuba, 'ya'yanta masu fiffike huɗu. Da hannuna na tsinka.

Da munka komo, na tare mai maganin, na ce ya faɗi sunan fadamar. Ya sunkuyar da kai. "Wallahi, Baba, gefen Bagega ne. In na faɗi, ba mai saye."

Na koyi cewa sanin ganye bai isa ba, sai an san ƙasar da ta fid da shi. Ƙullinsa na binne shi bayan gari, ƙanwarmu kuwa gezar Bukkuyum take sha. Ƙanena da limamin unguwarmu suna tsaye sa'ad da mai maganin ya amsa da bakinsa.