Shekarar da Muka Ɗaukar wa Kanmu Littafi Hamsin

Na zo Arlit ina da shekara ashirin da shida, da goyon ɗiyata ta fari, bayan maigidana ya samu aikin tuƙa kar, wato doguwar motar da ke kai ma'aikata wurin haƙar ma'adinai. Daga Damagaram muka taso. Ban san kowa ba a garin. Yakan fita tun da asuba, ni kuwa in na gama shara da girki sai in ɗauko littafin labari, irin waɗanda ake kawowa daga Kano, in zauna a bakin ƙofa. Wajen talatin na zo da su, wasu ma bangonsu ya tafi.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata mata mutuniyar Maradi. Ta girme ni nesa, don haka Inna nake ce mata. Kirista ce, tana ɗinka wa yara kayan lekol, wato na makaranta, mijinta kuma makanike ne a garejin manyan motoci. Ƴan mata biyu na gani a gidan, na ɗauka su ke nan Allah ya ba ta.

Wata rana da la'asar ta leƙo aron rariya, ta tarar da ni na duƙufa.

"Ɗiyata, mi kike karatu haka kamar mai jarrabawa?"

Na nuna mata. Ta juya littafin gaba da baya, ta ce ita a majami'a ta koyi karatun Hausa, kuma ban da littafin addininta ba ta taɓa karanta wani abu mai tsawo ba. Na ce ta tafi da shi. Bayan kwana uku ta dawo da shi rai a ɓace.

"Wanga saurayi maƙaryaci ne, ita kuma yarinyar ba ta da wayo ko na sisin kwabo. Akwai wani?"

Haka muka fara. Da sabuwar shekara ta kama, ta dawo daga majami'a da ankonta, ta shigo gidana riƙe da sabon kaye, littafin rubutu na ƴan lekol, da bironsa. Ta ce bana littafi hamsin za mu karanta. Na ce ai ni ko ɗari ne zan iya. Ta ce a'a, da sharaɗi: littafi ba ya shiga lissafi sai mu biyun mun karanta shi, mun zauna, kowa ta faɗi abin da ta gani. Sannan a sa lamba, a rubuta sunansa, a rubuta ra'ayina layi ɗaya, nata layi ɗaya. A wurinta kayen zai zauna, don ta ce ni na cika gaggawa, zan yi maguɗi.

Da nawa suka ƙare, wani direban kamiyo mai jigilar kaya da mijinta ke yi wa gyara ya riƙa taho mana da wasu daga Damagaram. Wani lokaci su iso da warin man gazuwal, wani lokaci kashi na biyu ya riga na ɗaya zuwa, mu yi ta jira.

Ba mu cika yin ra'ayi ɗaya ba. Ni ina son labarin da zai ƙare da biki, kowa ya samu nasa. Ita abin da ke damunta daban ne. Takan ce, "Su mutanen cikin littafin nan ba su aiki? Daga falo sai mota, daga mota sai falo. Wa ke yi musu wanki?" In marubuciya ta kwatanta miya da kyau, to ta gama saye ta, ko da sauran labarin shirme ne. Akwai wanda ta rubuta a kansa cewa, "Duk ƙarya ce, amma dambun gaskiya ne." Ni nakan cinye littafi cikin kwana biyu. Ita takan yi kwana biyar, da gilashinta mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare, tana bin layi da yatsa, keken ɗinki na jiranta. Kullum faɗanmu a kan haka yake. In ce, "Inna, wata ya kusa mutuwa, muna baya da biyu." Ta ce, "Ana kora mu ne?"

A wannan zaman na la'asar na saba da Arlit. Kafin shi, ban ga komai a garin ba sai zafi da duwatsu da ƙarar motoci.

Na ashirin da uku ya zo mana a tsakiyar bazara. Labarin wata bazawara ce mai ɗa guda, ya gama makaranta bai samu aiki ba. Kullum tana goranta masa, tana nuna masa sa'o'insa da suka yi gini, har ranar da ya ɗauki jakarsa ya shiga duniya. Bai dawo ba. A ƙarshen littafin aka kawo mata labarin ya rasu a wata ƙasa, ba wanda ya san kabarinsa. Na gama shi a yini ɗaya, na yi kukana, na miƙa mata ta kan katanga.

Kwana tara yana hannunta. Sau biyu ina aika mata, tana cewa ba ta gama ba. A rana ta goma na ɗauki ɗiyata na shiga gidan da kaina. Na same ta a gindin keke, ba ɗinki take ba, littafin na kan cinyarta. Ta ce ta gama. Na jawo kujera ƴar tsugune, na ce to yau ni zan fara.

Na ce, "Ni fa ban ji tausayin uwar nan ba ko kaɗan. Marubuciyar so take mu yi mata kuka, ni yaron na yi wa. Ita ta kashe ɗanta da bakinta. Uwar kirki ba ta korar ɗanta saboda abin duniya. Da ni ce na rubuta, sai na sa ta haukace, tana bin titi tana kiran sunansa."

Na faɗi abin da ya fi haka ma. Ina jin daɗin bakina a lokacin, don na san ta saba yi mini gardama, ina jira ta taso mini.

Ba ta taso ba. Ta cire gilashin, ta goge shi da bakin zanenta, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta miƙo mini kayen.

"Rubuta naki."

Na rubuta: uwar ce ta kashe shi. Na ce saura nata.

"Bar wurin haka nan. Kaina ke ciwo, ɗiyata. Ki gaida gida."

Daga ranar ta daina shigowa. In mun haɗu a bakin pampo mu gaisa, ta tambayi yarinya, ta wuce. Na aika mata littafi na gaba, babbar ɗiyarta ta dawo da shi, ta ce ɗinki ya yi wa mamansu yawa. Ni kuma na yi fushi. Na ce a raina, tsohuwa ta ga ba za ta iya kaiwa hamsin ba ne take neman hanyar zillewa. Na samu takarda na ci gaba da lissafina ni kaɗai. Cikin sati biyar na karanta goma sha ɗaya, kuma yau ko ɗaya ba zan iya tuna abin da ke cikinsa ba.

Maigidana ne ya kawo ƙarshen abin. Kar ɗinsa ta samu matsalar birki, ya wuni a garejin mijin Inna. Da ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Me kika gaya wa matar nan?"

Na faɗa masa, har ina dariya. Ya zauna a kan tabarma ya dafe kai.

"Kin san suna da ɗa namiji?"

Ban sani ba. Shi ma ranar ya ji. Ɗan farinsu ne. Ya gama lekol da sakamako mai kyau, ya kai takardunsa ko'ina ba a ɗauke shi ba, ya yi shekara biyu yana zaman fada da abokansa suna dafa shayi. Da zinariya ta ɓulla a Tchibarakaten, samarin unguwa suka yi ta tafiya, wasu suka dawo da moto sabo, wato babur. Shi ba ya so, yana tsoron hamada. Uban ma bai so ba. Inna ce ta matsa. Wata rana a gaban ƙannensa ta ce masa, ƴaƴan mutane sun tafi nema, nata yana nan yana gadin butar shayi. Da hannunta ta haɗa masa guzuri, gari da ƙuli-ƙuli da dabino. Motar da suka shiga ta lalace a hanya, nesa da rijiya. Waɗanda suka iske su daga baya su suka binne su a wurin. Katin shaidarsa kawai aka kawo gida. Tun daga lokacin ba a ambaton sunansa a gidan, kuma ba mu zo garin ba sai bayan shekara biyu da faruwar abin.

Washegari da hantsi na shiga gidanta. Na tsara maganganu da yawa a hanya, ina ganinta suka watse. Na durƙusa a gaban keken, na kama ƙafarta, kuka ya ƙwace mini.

"Tashi, tashi. Wa ya gaya miki?"

Na ce Baba, mijinta, shi ya gaya wa maigidana. Na ce, "Inna, wallahi ban sani ba. Ki yafe mini."

"Na san ba ki sani ba. Da kin sani ai da ba ki faɗi ba, kamar yadda kowa bai faɗi ba." Ta ɗaga ni ta zaunar kusa da ita. "Fasto ya ce nufin Allah ne. Matan majami'a sun ce nufin Allah ne. Babansu bai taɓa buɗe baki ya ce mini ke ce ba. Ke kaɗai kika faɗa mini abin da nike faɗa wa kaina kullum safiya. Ba fushi na yi da ke ba. Kallonki ne na kasa yi."

Na ce ai littafi ne, ƙagaggen labari ne, ni kuma yarinya ce mai surutu. Na ce duk uwa tana yi wa ɗanta faɗa. Ta girgiza kai.

"Kar ki lallashe ni da abin da ba ki yarda da shi ba. Abu ɗaya dai marubuciyar ta sani wanda ke ba ki sani ba. Ba a haukacewa. Da ana haukacewa da an huta. Tashi kike ki hura wuta, ki ɗora tukunya, ki ɗinka wa ƴaƴan mutane riga."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko hotonsa ta nuna mini. Dogo ne, siriri, yana da wushirya irin tata. Ta faɗa mini sunansa. Ta ce yana son karatu, da yana nan da shi zai riga mu cinye littattafan. Na roƙe ta ta bar ni in soke layin da na rubuta, ta hana. Ta ce abin da aka rubuta an rubuta. Nata layin ma ba ta cike ba.

Mun koma zamanmu na la'asar, amma ba kamar da ba. Sha ɗayan da na karanta ni kaɗai ta ce ba su cikin lissafi, ban yi musu ba. Na shiga karanta kowane littafi da ido biyu kafin in ba ta, in na ga mutuwar saurayi ko tafiya mai nisa sai in ɓoye shi a ƙarƙashin katifa, in ce bai iso ba. Ta gane. Wata rana ta ce, "Kin mai da ni marar lafiya, kina tace mini koko." Muka yi dariya, amma ban daina ba. Ni ma bakina ya mutu. In ta tambaye ni ra'ayina sai in tsaya in ji nata tukuna, ita kuwa abin da take so a wurina shi ne gardamar. Ranar ƙarshe ta Disamba muna kan talatin da takwas. Ta ja layi a ƙasa ta ce, "Ba mu kai ba. Baɗi ma rana ce."

Baɗin ba ta zo mana yadda muka so ba. Aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, motoci suka ragu, garejin Baba ya koma wuni guda ba a kawo ko taya ba. Iyaye da yawa suka kwashe yaransu suka koma kudu, ɗinkin kayan lekol ya ja baya. Kafin damina su Inna suka yanke shawarar komawa Maradi. Mun kai bakwai a wannan shekarar. Na raka su tasha. Ta rungume ni, ta ce in riƙa sa wa yarinya hula saboda rana, ta hau. Ba ta leƙo ta taga ba. Daga baya ƙaramar ɗiyarta ta gaya mini cewa har suka kai Agadez mamansu ba ta yi magana ba, don tana ganin ta tafi ta bar ɗanta a arewa shi kaɗai.

Mun riƙa gaisawa ta salula, da farko duk Lahadi, daga baya sai wata-wata. Ta ce idonta ya yi rauni, ƙaramar ke karanta mata, amma yarinyar tana tsallake wuraren soyayya don kunya. Na yi mata alkawarin in na zo Damagaram ganin gida zan ƙarasa Maradi. Sau biyu ina zuwa gida, duka biyun hidima ta riƙe ni, na ce sai wani zuwan.

Wata Alhamis ina tsinke zogale babbar ɗiyarta ta kira. Ta ce hawan jini ne, kwana biyu kawai ta yi a gidan likita, an binne ta jiya. Ta ce sun nemi lambata a salular mamansu sun daɗe ba su gani ba, ashe ba da sunana ta ajiye ba, "ɗiyata Arlit" ta sa.

Ran Lahadi na sa hijabina na tafi ƴar majami'arsu da ke bayan kasuwa, don a can ne kaɗai zan samu waɗanda zan yi wa gaisuwa. Ban taɓa shiga ba. Ɗaki ɗaya ne da bencina, mutanen ba su fi ashirin ba. Na tsaya daga waje har suka gama, sannan matan suka fito suka shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Na yi musu gaisuwa, su ma suka yi mini. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ba ta saki ba har na tashi.

Na dawo gida azahar ta gota, ban ɗora komai ba. Na tarar maigidana ya dafa shinkafa, ta caɓe, ya zuba wa yara suna ci. Ya tura mini kwano, na zauna na ci abin da na iya.