Malam Jaji da Kwana Goma Sha Tara da Bai Auna Ba

Shekara shida ke nan ina sane da wani gyara da ya wajaba a kaina, ina ɗage shi daga wannan damina zuwa waccan. Labarin ritayar Malam Jaji, mai auna ruwan sama a wata ƙaramar tashar aikin gona kusa da Shinkafi, shi ya hana ni ci gaba da shiru.

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai na safe, yakan jingine kekensa, ya buɗe ma'auni, ya juye ruwan da ya taru cikin kwalba mai zane, ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da saman ruwan, sannan ya rubuta. Manoman Jangeru, inda tashar take, sun shaida ko ranar sallah sai ya auna kafin ya nufi idi.

Na je wurinsa a 1997, jihar Zamfara tana sabuwa, ni kuma ina gaggawar kammala kundin digirina kan ruwan sama da yabanyar gero, domin in samu kujera a sabuwar ma'aikata. A littafinsa na tarar da kwana goma sha tara na watan Agusta babu lamba. Shanu sun ture ma'aunin sun fasa kwalbar, sabuwa kuma ta yi jinkirin zuwa. Gaban kowace rana ya rubuta: "Ban auna ba."

Na ce, "Malam, ai ka san ruwan Agusta. Ƙiyasta mana."

Ya ce, "An yi ruwa kam, yallaɓai, har katangar Labbo maƙwabcina ta faɗi. To katanga milimita nawa ce?"

"Kowa haka yake yi."

"To tai wurin kowa mana. Mi ya kawo ka wurin Jaji?"

Na kai ƙararsa ga shugabansa cewa yana da sakaci. Aka ba shi takardar tuhuma, ya amsa ta, bai ƙara ko ɗigo a littafin ba. Ni kuwa na koma masaukina a Ƙauran Namoda, na cike gurbin da lambobin da na ƙaga, na rubuta a ƙarƙashin jadawalin cewa daga littafin Malam Jaji suka fito.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, cikin malaman da suka jarraba ni babu wanda ya tambaya. Ɗalibai uku sun kwafi jadawalin nan, na huɗu yana hanya. Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, mu 'yan boko ne a sahun gaba, da manyan riguna, muna neman a hukunta mai tauye mudu a kasuwar Shinkafi. Mu fa? Mai cike takardun tambayoyi ɗari a inuwar tashar mota, ya ce ya zaga ƙauyukan Zurmi, wane mudu yake awo da shi? Har yaushe za mu ci gaba da kiran wannan bincike?

Malam Jaji, kai ne malamin da ba a yafa wa alkyabbar jami'a ba. Kai ne ka san cewa gurbin da aka bari fili shi ma shaida ne, kuma ka yarda a tuhume ka maimakon ka shaidi abin da idonka bai gani ba. Na gode, kuma ina neman gafararka a gaban jama'a. Allah ya sa ka huta lafiya. Matasa masu bincike, ku je Shinkafi ku zauna da shi tun yana raye.

Yau da hantsi na rubuta wa shugaban sashen da ya ba ni digiri cewa lambobin shafi na sittin da biyu ƙirƙirata ce, a soke su, a sanar da duk wanda ya kwafa, a kuma cire sunan Malam Jaji daga ƙarƙashinsu. Ban san abin da za su yi da digirin ba. Na daɗe tsaye a bakin akwatin gidan waya, wasiƙar tana hannuna. Sannan na sake ta cikin akwatin.